Darasi na Bakwai: Shiri Kafin Ruwa Ya Iso

A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Ruwan ya biyo kogin Ngadda ya shiga Maiduguri mutane na barci. Ya mamaye Gwange, ya shiga Kasuwar Monday, ya kai har fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa. Dubban mutane sun kwana a sansanonin gudun hijira da kayan jikinsu kaɗai. Ba wannan ne karon farko ba. A 1994 ma ruwan Alau ya taɓa cin garin.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kowane gari da ke da kogi ko kwari yana da nasa rabon.

Kula da madatsa da gina manyan magudanai aikin hukuma ne. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar nazarin ruwan koguna, NIHSA, kuma ta bayyana wuraren da ake fargabar ambaliya. Amma labarin da ya tsaya a ofis bai amfani kowa ba. Sai ya shiga rediyo, ya kai ga mai unguwa, liman ya faɗa bayan sallar Juma'a.

Namu aikin yana ƙofar gida. Leƙa kwatar layinku. Ledar fiya wata ce, da robar lemo, da yashin da wani ya zube ya manta. Ruwan awa ɗaya ya isa ya juya wannan kwata zuwa cikin ɗakinka. A yashe ta tun kafin ruwan fari. Filin da aka ce maka yana da araha a bakin rafi kuwa, ka tambayi tsofaffin wurin ina ruwa yake bi. Sun sani, kuma ruwa ba ya manta hanyarsa.

Katin ɗan ƙasa, takardar fili da katin asibiti, a ƙulle su cikin leda a rataye sama. Kowa a gida ya san tudun da za a nufa, a kuma san wanda zai ɗauki kaka da mai tsohon ciki. Kafin a fita, a kashe wutar lantarki.

Bayan ruwa ya janye ma da sauran rina a kaba. Masai ya riga ya haɗu da rijiya, nan amai da gudawa ke shigowa. A tafasa ruwan sha.

Aikin gida: zagaya layinku, ka rubuta wurare biyu da ruwa ke kwanciya in an yi ruwan sama. Ka zo da takardar aji na gaba, za mu haɗa mu kai wa mai unguwa.