Yadda na samu mesata ta yi kashi

Sati shida mesata ba ta yi kashi ba, gab da jela ya kumbura, in na taɓa sai in ji tauri. Da farko na ɗauka ɓeran da na ba ta ne ya yi girma, na rage, shiru. Ashe sanyi ne, na auna gefen ɗumin kejin na tarar digiri 26 kacal, na mayar da shi 32, na dakatar da abinci. Sannan kullum in jiƙa ta a ruwan ɗumi digiri 29 minti 15, ruwan iya rabin kaurin jikinta, ina shafa cikin a hankali zuwa jela. Rana ta uku wani farin dunƙule mai tauri kamar alli ya fito, kashi ya biyo baya. Alhamdulillahi, hankalina ya kwanta.