Yadda za ka faɗi sunanka da Espanyol, ka kuma tambayi na wani

A fadarmu ta nan Maradi in anka fara gardamar Real Madrid da Barcelona har shayi ya huce ba a gama ba, amma duk cikinmu babu wanda ya iya ce ma mutumin Sifaniya "sunana wane" da yarensa. Ni ma haka nike sai da wani yayana da ke neman kuɗi a Malabo ta ƙasar Gini Ikwatoriya ya haɗa ni da abokin aikinsa a waya, mutumin ya ce wani abu mai kama da "komo te yamas", ni kuma na ce mishi oui oui. Ashe sunana yake tambaya. Daga ranar na zauna ma abin, kuma abin da na gano shi ne Bahaushen da ya ɗan taɓa lakwal ya riga ya ci rabin hanya bai sani ba.

Abu guda za ka riƙe kahin komi: Espanyol karanta shi kamar Hausa, kada ka karanta shi kamar Faransanci. Wasullansu biyar ne, a e i o u, irin namu sak, u ɗinsu u ne ba wanda mushe ya wahalshe mu da shi muna tsuke baki ba, kuma ba su cinye ƙarshen kalma, in ka ga s a ƙarshe ka faɗe ta. Haruffan da za su ba ka matsala kaɗan ne. H ba a faɗinta ko kaɗan. Ll guda biyu a haɗe y ce. J kuma, da g in tana gaban e ko i, daga maƙogwaro suke hitowa kamar kha ɗin Khalid ko khairan, wanda ya yi makarantar allo ba sai an koya mishi ba. Ch ita ce c ɗinmu ta ciki da cinya, ñ kuma ny ce. Shi ke nan, sauran a hanya za ka tsince su.

To gaisuwa tukuna, don su ma ba su faɗa ma mutum da tambaya haka kawai, sai dai tasu gajera ce, babu ina gajiya ina iyali ina ƙura. Hola, ka ce "ola", tana aiki kowane lokaci. Da sahe buenos días, "buwenos diyas". Bayan azahar buenas tardes, da dare buenas noches, "buwenas noces". Ka lura na sahe buenos ne sauran biyun buenas, don días namiji ne tardes da noches mata ne, kada ka tsaya neman dalili yanzu ka haddace kawai.

Sai sunanka. Hanyar da anka fi ji ita ce me llamo, "me yamo", sai ka ɗora sunan. Me llamo Sani. Me llamo Hadiza. Ma'anarta kalma da kalma ina kiran kaina wane, wato je m'appelle ɗin nan da munka sani ce ta canza riga. Nauyin murya a kan ya yake, YAmo, in ka kai shi ƙarshe ka ce yaMO ka koma cewa wani ya kira ka a waya ko ya ƙwala maka kira, wata magana ce daban. Akwai kuma soy, soy Sani, ni ne Sani, ita ta fi gajarta kuma ita za ka ji samari na yi. Ta ukku mi nombre es Sani, sunana Sani, wadda ta fi kama da yadda muke faɗi da Hausa amma su a wurinsu ta ɗan yi kama da maganar biro ko ta mai jawabi gaban taro. Kuskuren da kusan kowa ke yi, ni ma na yi shi ya fi sati, shi ne haɗa biyun a ce "me llamo es Sani". Babu es bayan me llamo. Ko ka ɗauki wannan ko ka ɗauki waccan.

Tambayar sunan wani nan ne aikin yake, ba don kalmomin na da wuya ba, sai don dole ka duba wa ke gabanka. In tsaranka ne ko yaro, ¿Cómo te llamas?, "komo te yamas". Cómo yaya ke nan, kuma abin daɗi mu ma yaya sunanka muke cewa in ba mu ce mi sunanka ba, to tunanin ɗaya ne. In kuwa babba ne, ko wanda ba ka sani ba, ko mai kaki, ko wanda kake son ya sa maka hannu a takarda, sai ka ce ¿Cómo se llama usted?, "komo se yama usted". Tú da usted kamar tu da vous ne, sai dai usted na da wata ɗabi'a, ana yi mishi magana kamar ba ya wurin. Asalin kalmar daga vuestra merced ta hito, wata girmamawa ta da, shi ya sa aikatau ɗin ke tahiya irin na "shi" ko "ita". Ka tuna yadda bafade ke ce ma sarki "Sarki ya kwana lahiya?" alhali ga sarkin zaune gabansa, to haka ne. Don haka llamas mai s na tú ne, llama marar s na usted ne, kuma da wannan llama ɗin dai za ka tambayi sunan wani na can gehe: ¿Cómo se llama él?, yaya sunansa, ¿Cómo se llama ella?, "eya", yaya sunanta. Amsa se llama Musa.

Ni shawarata ka fara da usted ga duk wanda ya girme ka, in ya ga abin ya yi nauyi shi da kansa zai ce ka sauko. Mutanen Sifaniya da wuri suke komawa tú, har ɗalibi ya ce ma malaminsa tú kuma ya kira shi da sunansa ƙiri-ƙiri, abin da in ka yi a gidanmu sai an tara maka dangi. A Kolombiya kuma akwai wuraren da ko cikin gida usted suke ce ma juna. Mu da munka tashi inda mace ba ta faɗin sunan mijinta uwa ba ta faɗin na ɗan fari, tambayar dattijo sunansa kai tsaye na yi muna nauyi a baki, amma su ba rashin kunya ba ne wurinsu matuƙar ka sa usted. Dabara mai sauƙi ita ce ka fara ba da naka: Me llamo Sani, ¿y usted? wato ku fa? Ga tsara kuma ¿y tú?, "i tu". Da wannan ka tambaya ba tare da ka tambaya ba.

Af, wannan alamar tambaya da ke kihe a farkon jimla ba kuskuren bugu ba ne, haka suke rubutawa, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A WhatsApp su ma yawanci ba su damuwa da ta farkon.

In ya faɗi sunansa kada ka yi shiru. Mucho gusto, "muco gusto", na ji daɗin saninka, namiji da mace duk ɗaya. Ko encantado in kai namiji ne, encantada in ke mace ce, kuma jinsin mai maganar ake bi ba na wanda ake ma magana ba, wato Hadiza ko da namiji take gaisawa encantada za ta ce. In shi ya riga ka faɗi sai ka ce igualmente, "igwalmente", ni ma haka.

Ga yadda za ta kasance tsakanin tsara biyu:

Hola, me llamo Sani. ¿Cómo te llamas?
Me llamo Pablo. Mucho gusto.
Igualmente. ¿De dónde eres?
Soy de Madrid, ¿y tú?
Soy de Maradi, en Níger.

¿De dónde eres? daga ina kake, ga babba kuma ¿De dónde es usted? To a nan ka buɗe kunne da kyau. Níger "Nikher" ake faɗi, nauyi a kan ni, kuma ɗan Nijar nigerino ne, mace nigerina. Ɗan Najeriya shi ne nigeriano, nigeriana. Harafi guda ne tsakani, kuma da yawansu da ka ce Níger za su ce a'a Nigeria, Lagos, sai ka yi haƙuri ka ce no, Níger, Niamey. Ba wai muna gudun ƴan uwanmu na Katsina ba, daga nan zuwa Jibiya tahiyar mi ce, amma a takarda ƙasa biyu ce kuma in anka rubuta maka ba daidai ba kai za ka sha yawon gyara.

Maganar takarda ta tuna mini da wani tarko na masu Faransanci. Nombre a Espanyol ba lamba ba ce, suna ne, sunanka na yanka, abin da muke cikewa a wurin prénom. Wurin nom kuma su apellido suke cewa, "apeyido". Kuma su apellido biyu gare su, na wajen uba sannan na wajen uwa. Yaron nan na Barcelona cikakken sunansa Lamine Yamal Nasraoui Ebana, Lamine Yamal duka sunansa ne na yanka, Nasraoui na babansa ɗan Maroko, Ebana na mamarsa ƴar Gini Ikwatoriya, ƙasar da ta samu ƴanci daga Sifaniya a 1968 kuma har yau Espanyol ne yaren gwamnatinta. To in anka ce maka ¿Cuál es tu apellido? ka ba da sunan babanka yadda yake a katinka, in sunka nemi na biyu ka ce solo tengo uno, guda ɗaya gare ni.

Wani abin dariya shi ne yadda za su karanta sunayenmu, tunda takardunmu da rubutun Faransanci anka yi su. Harouna zai zama Aro-una don h ta tahi kuma ou ba u ba ce wurinsu. Chaibou zai koma Caibo-u. Jamila kuwa Khamila za ta ji an kira ta, Hadiza ta zama Adisa. Kada ka ji haushi, ka faɗa musu da baki sannu sannu, in sunka ce ¿Cómo se escribe?, yaya ake rubutawa, ka jero haruffan. Waɗanda za ka fi buƙata: h sunanta hache, "ace", j jota, "khota", z zeta, s ese, u kuma u. Kai ma in sunan nasu ya wuce ka da gudu, kuma zai wuce don suna magana kamar ana korarsu, ka ce más despacio, por favor, a hankali don Allah, ko ¿puede repetir?, a maimaita. In kuma ɗan Ajantina ka samu kamar mutanen su Messi za ka ji ya ce "me shamo" maimakon "me yamo", ba kunnenka ba ne, haka lafazinsu yake.

In hira ta ɗan miƙe za ka so ƙara abu biyu ukku a kanka. Vivo en Maradi, "bibo", don v ɗinsu b ce, ina zaune a Maradi. Soy comerciante, ni ɗan kasuwa ne, soy estudiante, ni ɗalibi ne, ba a sa un a tsakani. Shekaru kuma da tengo ake faɗi kamar j'ai, tengo veinte años, shekarata 20. Wannan años ɗin don Allah ka ce "anyos", in ka yar da ƴar alamar da ke kan n ka ce anos ka ambaci wani wuri a jiki da ba a faɗi cikin mutane. Sannan ka riƙe hablo un poco de español, "ablo un poko", ina jin Espanyol kaɗan, tana sa mutum ya rage gudu. Gabatar da aboki kuma te presento a Musa, ga babba le presento a Musa.

Za ka riƙa cin karo da kalmomin da kunnenka ya sani, don Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 har 1492 kuma Larabci ya bar musu kaya da yawa, sukari azúcar, ojalá kuma ita ce tasu in Allah ya so. Wadda ta shafi suna ita ce fulano. Ranar da na fara jin ta na zaci Fulani ake nuhi, ashe fulan ce ta Larabci, wato wane, wanda ba a son faɗin sunansa ko anka manta.

Yadda na yi na haddace, kullum in na hau kabu-kabu zuwa kasuwa sai in riƙa yi ma kaina tambaya da amsa a cikin baki, sau ɗaya da tú sau ɗaya da usted, da dare kuma in tura ma yayan nawa vokal ya gyara mini. A fada yanzu mai zuba shayi ba ya miƙa ma kowa kofin farko sai ya amsa ¿cómo te llamas?, kuma har yau akwai wani ɗan Madrid ɗinmu da ke cewa "me llamo es", shi sai na ukku yake samu.