Idan kina zargin ɗanki na da matsalar koyon karatu, ga inda za ki fara

Akwai yaron da baki ba ya gagararsa, ya iya lissafin canji idan an aike shi kanti, ya san hanyar gidan kowa a unguwa, amma da an ɗora masa littafi a gaba sai ya daskare. A makaranta a ce ba ya ja, a gida a ce wasa ya yi masa yawa, wata gwaggo kuma ta ce a nema masa rubutu ya sha. Ɗana na biyu haka yake, kuma abin da zan faɗa miki shi ne abin da na ga ya yi mana amfani.

Ki sami ƙaramin littafi ki riƙa rubuta abin da idonki ya gani, da kwanan wata. Kada ki rubuta "ba ya ganewa", wannan ba zai taimaki likita ko malami da komai ba. Ki rubuta ainihin abin: ya karanta kalma daidai a layi na farko, a layi na uku ya kasa gane ta, an aike shi ya kawo tsintsiya da buta ya rufo ƙofa, ya dawo da tsintsiya kaɗai, yana tsallake layi, rubutun jimla ɗaya na cinye masa lokacin da ƙanwarsa ke gama shafi. Ki ajiye tsofaffin littattafansa na makaranta. Juya b da d kuwa kada ya tayar miki da hankali idan bai wuce shekara 7 ba, yara da yawa na yin haka su daina.

Abin da ya fi buɗe mini ido a Islamiyya na gan shi. Yaron nan yana zuba hadda tun daga Nasi har Sabbi ba gargada, malaminsa na yabonsa. Na buɗe masa Alƙur'ani na ɗora yatsa a tsakiyar surar da ya haddace na ce karanta mini wannan kalmar, sai ya koma farkon sura yana rerawa har ya iso wurin. Da kunne yake ɗauka, baƙaƙen ba sa yi masa magana. Ki gwada wannan. Ki kuma gwada shi da Hausar boko, domin yara da yawa Turancin da ake koyar da su da shi ne ba sa ji, ba wata matsala ce a ƙwaƙwalwarsu ba. Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Idan an koya masa ita sosai amma har yanzu ba ya iya haɗa "ka" da "za" su ba shi "kaza", ko ya kasa faɗa miki sautin da "rana" da "rago" suka fara da shi, to zarginki ya sami madogara.

Kafin a kai ga maganar ƙwaƙwalwa, a duba ido da kunne da jini. Wannan matakin mutane suka fi tsallakewa. Yaron da ba ya hango allo ko wanda kunnensa ya daɗe yana ruwa zai yi kama da mai matsalar koyo sak. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, a Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin ido na ECWA. Ki gaya wa likitan yara duk abin da yaron ya taɓa yi: sanƙarau na iya taɓa ji, zazzaɓin cizon sauro da ya kai ga suma na iya barin tabo, sikila ma na iya shafar koyo ba tare da an lura ba. Akwai wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi kamar an ɗauke wuta, ya dawo bai san an yi ba. Idan kuna kusa da inda ake haƙar zinariya, ki ambaci gubar dalma, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma tana illata ƙwaƙwalwar waɗanda suka rayu.

Idan duk wannan lafiya lau ne, sai a nemi gwaji wurin masanin halayyar ɗan Adam mai aiki da yara, ko ƙwararre a ilimin masu buƙata ta musamman. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos duka suna da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna wuri ne da za a iya tambaya. Na san sunan asibitin ƙwaƙwalwa kaɗai na iya sa maigida ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne. Ki nuna masa littafin nan naki, ki roƙe shi ya zauna ya saurari yaron yana karatu da kansa. Abin da za a iya ce muku shi ne disleksiya, wato wahalar haɗa sauti da harafi, ko makamanciyarta a lissafi, ko matsalar tattara hankali. Babu ɗaya a ciki da ke nufin ƙarancin basira, kuma disleksiya takan bi jini, don haka ki tambaya ko akwai wani kawu da ya sha irin wannan wahalar.

Ba sai kin jira sakamakon gwaji za ki je makaranta ba. Ki sami malamar ajinsu ita kaɗai, ki ce, "Malama, taimakonki nake nema." Ki roƙi a dawo da shi bencin gaba, a daina tsayar da shi ya yi karatu a gaban aji, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a riƙa yi masa wasu tambayoyin da baki. Bulala a kan kuskuren karatu kuwa ki ce a daina, kuma ki fara hana ta a gidanki, har da yayyen da ke kiransa daƙiƙi. Yaron da ake duka a kan abin da ba ya iyawa tsoron littafi kawai yake koya.

A gida, minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar amfani. Sauti ɗaya za ku ɗauka, ya faɗe shi, ya zana shi da yatsa a faranti mai yashi, ya nemo abubuwan ɗaki da suka fara da shi, sai ya zauna daram kafin ku ƙara wani. Idan za ki ɗauki malamin lesin, ki tambaye shi yadda zai koyar da yaron da bai san sautin haruffa ba. Wanda ya ce zai sa shi ya kwafi shafi sau goma, ki ba shi haƙuri ki nemi wani.