Darasi na 6: Cire yashi-yashi daga hoton dare

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton kamu ko dina da daddare ya san wannan matsalar. Hasken hol ba shi da ƙarfi, ko ma an ɗauke wuta janareta bai tashi ba tukuna, dole ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya kai 3200 ko 6400, ka dawo shago ka buɗe hoton a kwamfuta sai ka ga fuskar amarya kamar an watsa mata yashi. Yashin nan iri biyu ne. Akwai ɗige-ɗigen ja da kore masu fitowa a inuwa, musamman kan baƙin mayafi, akwai kuma mai kama da tsakin gero wanda ba shi da launi.

Tun wajen biki ka sa kyamara a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta sarrafa ba. Fayil ɗin Canon yana ƙarewa da CR2 ko CR3, na Nikon NEF, na Sony kuma ARW. Shi JPEG kyamara ta riga ta dafa shi ta matse, abin da za ka iya gyarawa kaɗan ne.

To ka buɗe hoton a Lightroom, manhajar gyaran hoto ta kamfanin Adobe. Kar ka fara da ƙara masa kaifi, yashin ma kaifi zai ƙara. Zuƙo hoton zuwa 100%, ka tsaya kan fuska, sannan ka shiga wajen da aka rubuta Detail. Color, maɓallin rage yashin launi, yana kan 25 tun asali, sau da yawa hakan ya ishi ɗige-ɗigen launi. Tsakin geron kuma, tun Afrilun 2023 Adobe suka ƙaro Denoise, shi ke karanta RAW ɗin da kansa ya share. Daga 50 yake farawa amma ni dai 30 zuwa 40 nake tsayawa. In kwamfutarka tsohuwa ce sai haƙuri, hoto ɗaya kan ci mintuna, don haka zaɓi waɗanda za su shiga albam kawai. Wasu ta manhajar DxO PureRAW suke bi da hoton kafin Lightroom, wanda ba shi da kuɗin biya kuma ga darktable nan kyauta.

A nan ne sababbin hannu ke ɓata aiki. Mutum ya ja Denoise har 80 ko 100, yashi ya tafi kam, amma zanen lalle ya narke, aikin leshi ya shafe, fatar amarya ta koma kamar roba, uwarta ta duba ta ce "Malam mai hoto, wannan ai ba 'yata ba ce." Ɗan yashin da ka bari ba ya fitowa sosai a hoton 5x7 ko a waya. Haske da launi su biyo baya, kaifi daga ƙarshe.

Aikin gida: ɗauki hoton hannu mai lalle a ɗaki mai duhu da ISO 6400. Gyara shi sau uku, a 30 da 50 da 80, ka kawo duka ukun aji mu duba tare.