Darasi na Tara: Gyaran Birkin Mai na Tsohon Babur

Birkin babur iri biyu ne. Akwai na waya, irin wanda ke jikin yawancin Boxer da Jincheng da 'yan acaɓa ke hawa. Akwai kuma birkin mai, wanda ake gane shi da faifan ƙarfe a jikin tayar gaba, da ɗan ƙaramin tanki kusa da hannun dama. Kamfanin Honda na Japan ne ya yaɗa shi a duniya da babur ɗinsa CB750 a 1969. A nan wajenmu an fi ganin sa a jikin manyan babura 'yan Kwatano da wasu roba-roba, kuma da yawansu sun kwana biyu kafin su iso hannunmu.

Yadda yake aiki

Idan ka matsa hannun birki, wani ɗan fistin a cikin masta, wato famfon da ke ƙarƙashin ƙaramin tankin nan, yana tura mai. Man ya bi tiyo ya sauka zuwa kalifa, wato ƙarfen da ya rungumi faifai a jikin taya. Can ma akwai fistin, amma babba. Shi ke tura fad guda biyu, wato takalman birki, su damƙe faifai, taya ta tsaya.

A nemo sirinji marar allura a zo da shi aji. Cika shi da ruwa, ka toshe bakin da yatsa, ka danna. Ba zai motsa ba. Zubar da ruwan, ka bar iska kawai, ka sake dannawa. Za ka ji ya lotsa kamar soso. Wanda ya gane wannan ya gane rabin darasin nan: mai ba ya matsuwa, iska tana matsuwa. Ƙwayar iska ɗaya a cikin tiyo ta isa ta sa hannun birki ya yi lagwaf.

Man birki

Duba murfin tankin. Akwai haruffa uku da lamba: DOT 3 ko DOT 4. Abin da aka rubuta shi za ka saya. Karatun da muke koyo ga amfaninsa nan, domin mai shago zai iya miƙo maka kowace kwalba ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. DOT 5 ba ya haɗuwa da waɗannan biyun, kada a zuba shi a kansu.

Man birki yana shan danshin iska a hankali, ko da murfi a rufe. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230. Idan ya sha ruwa, ma'aunin yana saukowa zuwa wajen 155. DOT 3 kuwa daga 205 yake faɗowa zuwa 140. Mutum ya ɗauko kaya yana sauka gangare mai tsawo irin Hawan Kibo, yana ta riƙe birki, kalifa ta yi zafi, tsohon mai ya tafasa ya zama tururi. Tururi kuwa iska ce. Sai ya matsa hannun birki ya ji ya tafi har jikin robar da ake riƙewa, babur bai tsaya ba. Shi ya sa ake sauya man duk shekara 2, ko birkin yana kamawa lafiya. Sabon mai garau yake kamar tataccen man gyaɗa. Idan ya koma kalar baƙin shayi, ya gama aiki.

Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan sana'a shi ne a ga mai ya yi ƙasa a ɗura baƙin mai ko man giya. Wani bawan Allah ya taɓa turo mini babur, ya ce jiya-jiya ya ƙara mai amma yau birki ya ƙi saki. Na buɗe masta, na tarar robobin sun kumbura sun yi laushi kamar danƙo. Na ce, "Alhaji, wane mai ka zuba?" Ya ce, "Na inji ne, ɗan kaɗan, kafin in sami na gaske." Ɗan kaɗan ɗin nan ya sa muka sauya robobin masta da na kalifa da tiyo gaba ɗaya. Haka ma fetur da kananzir: kada a wanke cikin birki da su. Da sabon man birki ake wankewa. A kuma rufe tankin fetur da tsumma kafin a fara aiki, don man birki yana cin fenti.

Hannu ya yi laushi

Kafin ka ɗauki sufana, matsa hannun birki ka ji abin da yake gaya maka.

Idan ya yi laushi, amma da ka yi masa famfo sau uku ko huɗu sai ya yi tauri, iska ce a ciki. Tambayi kanka ta ina ta shiga. Bi tiyo da yatsa tun daga sama har ƙasa. Duba notin da ya ɗaure tiyo a masta da na kalifa. Kowanne yana da wosha biyu na tagulla ko alminiyam, kuma idan an kwance a sa sababbi. Tiyon da ya tsattsage ko yake kumbura idan an matsa birki, a jefar da shi. Ba a ɗaure shi da robar taya.

Ga yadda ake fitar da iska. Aikin mutum biyu ne. Juya kan babur har tankin ya daidaita, ka buɗe murfi ka cika mai. A jikin kalifa akwai ɗan nono mai hular roba, yawanci sufana mai lamba 8 ke kama shi. Sanya masa siririn tiyo mai haske, ɗaya bakin ya shiga gora mai ɗan mai a ƙasa. Yaronka ya yi famfo sau uku ya riƙe. Ka ce, "Ka riƙe?" Ya ce, "Na riƙe, Oga." Sai ka sassauta nonon kaɗan, mai da kumfa su fito, ka ɗaure, sa'an nan ka ce ya saki. Idan ya saki kafin ka ɗaure, iska ta koma, an dawo farko. A yi ta maimaitawa har mai ya fito garau babu kumfa. Ido na kan tanki, kada ya ƙafe. Nonon nan a tsohon babur tsatsa kan kama shi, kuma karyewa yake yi. Kada ka yi masa ƙarfi.

Idan kuwa ka riƙe hannun da ƙarfi sai ka ji yana tafiya a hankali har ya taɓo roba, alhali babu yoyo a waje, robar cikin masta ce ta cinye. A sauya ta.

Birki ya ƙi saki

Ɗaga tayar gaba ka juya ta da hannu. Ya kamata ta juya da ɗan sautin shafar fad kawai. Idan ta cije, a fara da kalifa. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna sa fistin ya yi tsatsa, sandunan da kalifa ke zamewa a kansu su bushe. A goge su, a shafa wa sandunan giris ɗin da ba ya cin roba. Fistin da tsatsa ta rarake, sabo ake sa wa.

Amma akwai wata cuta da ke ruɗa har tsofaffin bakanikai. Babur ya tashi lafiya da safe. Ana cikin tafiya da rana sai ya fara nauyi kamar ana jan sa ta baya, faifai ya yi zafin da ba ya taɓuwa. An ajiye shi a inuwa, bayan la'asar ya warke da kansa. Sirrin yana ƙasan tankin masta. Idan ka tsotse man ka leƙa, za ka ga rami biyu, ɗaya babba, ɗaya ƙanƙane kamar tsinin allura. Ta ƙaramin ne mai ke komawa tanki idan an saki birki. Dattin tsohon mai ya toshe shi, mai ya ɗumama ya ƙaru, ya rasa hanyar komawa, sai ya ci gaba da tura fad. Ga shaida: sassauta nonon kalifa, idan mai ya yi tsartuwa taya ta saki nan take, matsalar tana sama, a ramin nan ko a tiyon da ya rufta ta ciki. Zare sili ɗaya daga burushin waya ka buɗe ramin a hankali. Kada ka faɗaɗa shi. Cika tanki maƙil ma yana kawo haka, a tsaya a layin sama.

Ƙara da rawa

Ƙarar ƙarfe da ƙarfe na nufin fad ya ƙare. Kada a jira haka. Idan naman fad ya kusa milimita 1, a sauya duka biyun. Fad da man shok ya jiƙa ba ya wankuwa. Hannu yana rawa idan an kama birki, faifai ne ya lanƙwashe. A jikin faifan an buga MIN TH da lamba, wato iyakar siririntarsa ke nan.

Bayan kowane gyara, yi famfo har hannu ya yi tauri, ka tura babur da ƙafa ka kama birki, ka gwada a fili a hankali kafin ka hau titi.

Aikin gida

Nemi babur mai birkin mai a unguwarku, ka roƙi izinin mai shi. Kwafi abin da ke rubuce a murfin tankin da lambar da ke jikin faifai a littafinka. Rubuta jimla biyu a kan kalar man da ka gani. Tambayi mai babur ɗin yaushe rabonsa da sauya shi, ka rubuta amsarsa yadda ya faɗa, mu karanta tare ranar darasi na gaba.