Yadda za ka yi wa kekenka faci da hannunka, ko a tsakiyar daji ne

Duk mai hawan keke a Tawa ya san tsidau, in bai san shi da ido ba to tayarsa ta san shi. Ciyawa ce mai yaɗo a ƙasa. Da damina ta yi ƴan furanni ruwan ɗorawa, da kaka ƴaƴanta su bushe su rarrabu gida biyar, kowane ɓari da ƙayoyinsa masu tsini, kuma yawanci duk yadda ɓarin ya faɗi sai ƙaya ɗaya ta dubi sama. Ƙarangiya wando take kamawa, ba ta cika huda taya ba. Tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa su ne masu sauke mutum daga sirdi, sai kuma ƙusa da guntun waya a bakin kasuwa.

Abin da ya sa na koyi faci, wata rana ce na tashi zuwa suna a wani ƙauye ta wajen Kalfu. Da safe na tarar ƙafar baya ta sace, na kai wa wani yaro mai faci, ya yi mini cikin sauri na biya na hau. Ban yi nisa da gari ba taya ta sake kwantawa. Na tura keken nan cikin rana har na iske wani dattijo a gindin bedi da famfonsa da kwanon ruwa. Ya zaro tif, ya duba facin safe ya ga lafiyarsa lau, sai ya zura yatsa cikin taya yana shafawa a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Can ya tsaya, ya sa allura ya ciro wani tsini da bai kai ƙwayar gero ba, ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce, "Ɗana, an yi wa ciwon magani an bar ƙayar a ciki." Na ce, "Baba, a yi mini izini in zauna in ga yadda ake yi." Yawancin abin da zan faɗa a nan daga wannan zaman ya fara.

Ba ina so in raba masu faci da abincinsu ba ne. Miƙe gargaren da ya karkace, ko ɗaure wayoyin ƙafa, aikinsu ne, kuma hannunsu ya fi namu. Amma tsakanin ƙauye da ƙauye ba kullum ake samun su ba.

Kayan da za ka ajiye

Famfo mai dacewa da bawul ɗinka, sholisho, ƴan faci, da abin goge roba. In babu na saye, murfin gwangwanin tumatir da aka huhhuda da ƙusa yana yi, ta gefen da ya yi kaushi. Sai ƙarafuna biyu marasa kaifi na ɓanɓare taya, kuma ƙotar tsofaffin cokula ta isa. Kada ka sa sukudireba, bakinsa na yanka tif, ka tafi gyaran huda ɗaya ka dawo da uku. Ƙara da allura, biro, tsumma, da sifana lamba 15, wadda ita ce ke kwance notin ƙafar yawancin kekunanmu. Duk wannan zai shiga ƴar jaka a ƙarƙashin sirdi.

Sholisho kam a ɓoye shi daga yara. Mun san abin da shaƙarsa ke yi wa samari, kada ya zama daga jakar kekenka aka fara.

Fara da bawul

Kafin ka kwance komai, buga iska ka shafa miyau a bakin bawul. In ya yi kumfa, tif ɗinka ba shi da laifi. Manyan kekunan da, irin su Phoenix da Raleigh, bawul ɗinsu na da wata ƴar siririyar roba a ciki wadda zafi ke cinyewa. Ka kwance ƴar hular da ke riƙe da shi, ka zaro tsinken, ka sa sabuwar roba, aiki ya ƙare. Na sha ganin mutum ya warware ƙafar baya gaba ɗaya saboda wannan ƴar robar.

In bawul lafiya, sai ka juya ƙafar a hankali kana duban taya. Sau da yawa za ka ga kan tsidau a maƙale, ka san wurin tun daga nan.

Fitar da tif

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: ba dole sai ka cire ƙafar daga jikin keke ba. Ƙafar baya ta babban keke tana da wahala, ga kaca da murfinta, ga birki, ga kariyar ɗaukar kaya, duk a kan noti ɗaya. Faci kawai za ka yi, saboda haka ka kifa keken a inuwa, ka tsaya ta gefen da babu kaca. Sai in sabon tif za ka sa ne cire ƙafa ya zama tilas.

Sace sauran iskar duka. Matse taya da hannu zagaye guda don bakinta ya saki gargare. Zura cokali ɗaya ƙarƙashin bakin taya, nesa da bawul, ka danna ya ɗago, ka riƙe shi a wurin. Sa na biyu kamar faɗin tafin hannu daga na farko, ka ɗago. Daga nan sai ka bi da shi a hankali har gefe ɗaya na taya ya fito waje. Ɗaya gefen ka bar shi a mazauninsa. Kwance ɗan notin gindin bawul, tura bawul ciki, jawo tif.

Wannan sauƙin da muke gani kamar ba komai ba, da can babu shi. Tayar iska da wani Bature mai suna Dunlop ya yi wa keken ɗansa a birnin Belfast a 1888 manne ta ake yi da gargare, in ta fashe sai an ɓata awoyi kafin a gyara. A 1891 ne ƴan'uwan nan Michelin na Faransa suka fito da tayar da ake cirewa a mayar, kuma a shekarar Charles Terront ya ci tseren Paris zuwa Brest da dawowa, kusan kilomita 1,200, a kan irinta.

Nemo hudar, ka karanta ta

Buga wa tif iska har ya kumbura sosai. In akwai ruwa, tsoma shi gaɓa gaɓa a kwano kana ɗan miƙar da robar, inda kumfa ke tashi a jere nan ne. In babu ruwa, ko kuwa na shanka ne kaɗai ya rage, ka bi da tif ɗin kusa da leɓenka, leɓe na jin iskar da kunne ba ya ji. Ka tabbatar da miyau. Ko ka samu huda ɗaya ka ƙarasa zagayen, domin tsidau ba ya zuwa shi kaɗai. Ja layi biyu masu tsawo da biro su gitta a kan hudar, yadda ko ka goge tsakiya bakin layukan za su nuna maka wurin.

Yanzu ka dubi hudar da kyau, ita za ta gaya maka wanda ya yi ta. Ƙarama guda ɗaya ta bayan tif, wato gefen da ke duban ƙasa, ƙaya ce ko ƙusa. Biyu a jere kamar saran maciji, iska ce ta yi ƙaranci, ka daki dutse ko bakin kwalta, gargare ya datse tif. Masu ɗauko buhun albasa ko jarkokin ruwa sun fi kowa gamuwa da wannan. In ta cikin tif take, gefen gargare, to kan waya ne ya leƙo, ko robar da ke shimfiɗe a kan kawunan wayoyin ta goce, sai ka gyara ta ko ka yanko wata daga tsohon tif. In kuwa gindin bawul ne ya yage, kada ka ɓata sholishonka, wurin ba ya riƙe faci.

Cire ƙayar

Nan ne yaron nan ya bar ni a hanya, kuma nan ne mafi yawan faci ke lalacewa. Ɗora tif a jikin ƙafar, bawul daidai da raminsa, ka ga inda hudar ta faɗo a taya. Fara shafa cikin tayar da tsumma, don in guntun waya ne ko kwalba kada ya yanke ka, kuma tsumma na maƙalewa a tsini. Sannan ka bi da yatsa, a hankali, zagaye guda cikakke. Ƙayar tsidau kan karye ta bar ɗan tsininta a cikin roba, ba ka ganinsa daga waje, wani lokaci ma yatsa ba ya jin sa sai ka lanƙwasa tayar ta buɗe. In ka same shi, tura shi daga ciki da bayan allura, ka ƙwaƙulo shi ta waje. Zazzage yashin da ya shiga. Muddin ban riƙe abin da ya huda ni a hannu ba, ni ba na mayar da taya sai na sake zagayawa.

Facin kansa

Sace iskar, share wurin ya bushe ƙarau. Goge robar da magoginka, fili ya ɗan fi facin faɗi, har sheƙin ya tafi ta yi baƙi mai kaushi. In hudar na kusa da ɗinkin tif, goge tudun ya kwanta. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa wurin, maiƙon hannu na hana kamu. In lokacin hunturu ne ka juya wa iska baya, don ƙurar Adar, wato yankinmu na Tawa, in ta sauka a kan sholisho ta gama da shi.

Ɗiga sholisho kaɗan, ka baza shi siriri. Yawansa ba ya ƙara ƙarfi, ragewa yake yi. Sai ka jira.

Jiran nan shi ne rabin aikin. A cikin sholisho akwai wani ruwa mai tashi kamar fetur, sai ya fice sannan abin da ya rage ke haɗa roba da roba. In ka rufe shi da faci yana ɗanye, ruwan ya rasa hanyar fita, facin ya zauna a kan santsi, ka hau ya zame. Kamar minti 5 ya isa, da bazara bai kai haka ba, da damina ya ɗan fi. Alamarsa ita ce sheƙin ya dushe, in ka taɓa can gefe da bayan yatsa ba ya biyo ka. Wasu na ƙyasta masa ashana don ya yi saurin bushewa. Ban yarda da wannan ba, wuta na gasa robar ta yi rauni, sauri kuma ya haifi nawa.

In facin saye ne, ɓare takardar azurfar da ke ƙasansa ba tare da ka taɓa fuskar ba, ka ɗora shi hudar na tsakiya. In na tsohon tif ne, yanka shi da'ira, kada ka bar kusurwa don daga kusurwa yake fara ɗagowa, ka goge shi shi ma, ka shafa masa sholisho, su bushe tare. Ɗora tif a kan wani abu mai tauri, ka murza facin da bayan cokali daga tsakiya zuwa baki, da ƙarfi, minti guda ko fi. Barbaɗa ɗan toka ko garin ƙasa mai laushi a kan sholishon da ya yi saura a gefe, don kada tif ya manne da taya.

Mayarwa

Buga iska kaɗan, daidai yadda tif zai yi siffarsa. Sa bawul a raminsa a miƙe, in ya karkace gindinsa zai yage nan gaba. Cusa sauran tif cikin taya, babu murɗewa babu ninki. Mayar da bakin taya da manyan yatsunka, hannu biyu suna rabuwa hagu da dama. Ƙarshen yakan yi gardama. Maimakon ka ɗauko cokali, koma ka matse bakin tayar da ya riga ya shiga ya faɗa kwarin tsakiyar gargare, za ka ga ƙarshen ya samu sarari. Tura bawul ciki kaɗan ka sake shi, sannan ka leƙa zagaye guda ka tabbata babu inda taya ta danne tif.

Buga rabin iska, juya ƙafar ka ga taya ta zauna daidai, sannan ka cika. Iyakar iskar da taya ke ɗauka a rubuce take a gefenta. In famfonka ba shi da ma'auni, danna da babban yatsa: ta yi tauri, ta ɗan motsa kaɗan. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Tawa ke haura digiri 40, kada ka cika ta tam ka jingine keken a rana. In ka cire ƙafa, daidaita ta a tsakiya kafin ka ɗaure noti, kuma ka gwada birki kafin ka hau.

Don rage yawan faci, in ka ratsa wurin tsidau ka sauka nan take ka tsince waɗanda suka maƙale tun ba su nutse ba. Wanda ka ga ya riga ya shige sosai, kana kuma kusa da gida, bar shi a wurin, shi ne toshiyar ramin har ka isa. Wasu na tsaga tsohon tif su shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tif, keken na ɗan ƙara nauyi amma gajerun ƙayoyi ba sa kaiwa. Kafin doguwar tafiya ka matsa sholishonka ka gani, wanda aka taɓa buɗewa yakan bushe a jaka ba ka sani ba.

Ranar da faci ya fara hawa kan faci, tif ya gama aikinsa. Karanta lambar da ke gefen taya kafin ka je kasuwa: manyan kekunan da 28 x 1½ ne, yawancin masu giya da faffaɗar taya kuma 26. Tsohon tif ɗin ka yanke bawul ka ajiye ƴar robarsa, ka fitar da faci biyar ko shida daga inda robar ke da lafiya, sauran ka tsaga shi tsaye ya zama abin ɗaurin kaya a kariya.