Yadda ake tsara gidan iyali a fili mai gangara

Asarar da ta fi yawa a ginin fili mai gangara tun kan takarda ake tafka ta. Mutum ya ga zanen gida ya burge shi, zanen da aka yi wa shimfiɗaɗɗen fili, sai ya ce a baje masa ƙasa ta dace da zanen. Daga nan kuɗin da ya kamata su tafi kan ɗakuna sai su ƙare a ciko da katanga. Hanyar da ta fi ita ce a fara sanin yadda ƙasar ta kwanta da inda ruwa ke bi, sannan a zauna zancen falo da ɗakin kwana.

Fara da awo

Ido yana yaudara a kan gangara. Idan da hali, ɗauko safiyo ya fitar maka da taswirar da ke nuna tsayin kowane sashe. Kafin ya zo kuma kana iya samun ƙiyasi mai kyau da kanka. Ka tanadi tiyo fari wanda ake ganin ruwan cikinsa, mai tsawon mita 10 zuwa 15, da tef na awo, da turaku. Kafa turakun a jere, tazarar mita 5 tsakani, daga saman filin zuwa ƙasansa, sannan ka yi wani jerin a faɗi. Cika tiyon da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska a ciki, domin kumfa ɗaya tak tana ɓata awon. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a turke na farko, wani ya riƙe ɗaya bakin a na biyu. Idan ruwan ya natsu, kowa ya auna daga saman ruwan zuwa ƙasa. Bambancin awon biyu shi ne yadda ƙasa ta sauka tsakanin turakun.

Haɗa saukar gaba ɗaya, ka raba da tsawon filin, ka ninka da 100. Filin da ya sauka mita 3 a cikin mita 30 yana da gangarar kashi 10 cikin 100. Ƙasa da kashi 5, kusan kamar shimfiɗaɗɗen fili za ka ɗauke shi, sai dai ka kula da ruwa. Daga 5 zuwa 10, harsashi mai hawa-hawa yakan wadatar. Daga 10 zuwa 20, gida mai daɓe biyu, ɗaya sama da ɗaya, ya fi dacewa. Abin da ya haura 20 kuwa, kada a sa diga a ƙasa sai injiniya ya gwada ƙasar.

Ka kuma je filin ana tsaka da ruwan sama, ko da zarar an ɗauke. Duba ta inda ruwan maƙwabta na sama ke shigowa, da ƙananan kwazazzaban da ya fara yankawa, da wurin da ƙasa ke daɗewa a jiƙe. Itatuwan da gindinsu ya lanƙwashe, turakun wuta ko katangun da suka karkata zuwa gangare, da tsagewar ƙasa mai bin faɗin tudu, duk alamu ne cewa ƙasar tana motsi a hankali.

Yadda za a kwantar da gidan

Mu ɗauki fili mai faɗin mita 15 da tsawon mita 30, wanda ya sauka mita 3 a tsawonsa. Idan ka ce sai an cike shi ya yi daidai da samansa, kana bukatar ciko kimanin mita 675 na kubik, da katangar tare ƙasa mai tsayin mita 3 a ƙarshensa. Idan aka yanke rabin sama aka cike rabin ƙasa, aikin ya ragu zuwa kimanin 170, amma fa ga katanga biyu masu mita 1.5 kowace. Ko kaɗan ba dole ba ne a daidaita filin duka. Wurin da gidan zai zauna kawai ake gyarawa, da 'yar farfajiya.

A nan ne juya gidan ke aiki. Gida mai mita 12 a kan mita 8, idan dogon ɓangarensa ya bi gangarar, bambancin ƙasa tsakanin gabansa da bayansa mita 1.2 ne. Juya shi ya gitta gangarar, bambancin ya dawo santimita 80. Siririn gida mai tsawo da ya kwanta a gicciye ya fi sauƙin gini nesa ba kusa ba, kuma yakan fi samun iska da haske, tunda kowane ɗaki na iya samun taga ta ɓangaren da ya buɗe.

In faɗin filin bai ba da damar haka ba, raba gidan gida biyu. Bambancin mita 1.2 matakala 7 ne kawai masu tsayin santimita 17, da faɗin takawa 28 zuwa 30. Falo da kicin su zauna a daɓe ɗaya, ɗakunan kwana a ɗayan. Sanya matakalar a tsakiya, daidai layin da daɓen ya karye, don kada a riƙa ratsa ɗaki kafin a kai gare ta. Kuma duk matakalar tsayinsu ya zama ɗaya. Guda ɗaya da ta fi sauran da santimita 2 ita ce ke kayar da mutane da dare.

Abu ɗaya da bai kamata a sassauta a kansa ba: daɓen da ƙofar shiga take ya kasance yana da ɗakin kwana ɗaya da banɗaki, kuma a iya kaiwa kicin ba tare da hawa ko sauka ba. Gidan iyali ba ya rasa tsoho, ko mai ciki, ko wanda ya karye a ƙafa. Masu cewa in bukata ta taso a yi gangaren keken guragu su yi lissafi tukuna: ƙa'idarsa mita 12 na tsawo ga kowace mita 1 ta tsayi, wato mita 1.2 ɗin nan na cin fiye da mita 14. Ba kowane gida ke da wannan wurin ba.

Bangon da ya jingina da ƙasar da aka yanka shi ne mafi sanyi, mafi duhu, kuma shi danshi ke fara kamawa. Ba wurin gado ba ne, ba kuma wurin ajiye tufafi ba. Ba shi sito, gareji, matakala ko banɗaki. Mafi kyau ma a bar tazarar mita 1 zuwa 1.5 tsakanin bangon gida da katangar tare ƙasa, a zuba kwata a tsakani, iska ta riƙa zagayawa. Banɗakuna da kicin kuma a tara su ɓangare ɗaya, wanda bututunsu zai gangara kai tsaye ba tare da ya ratsa ƙarƙashin ɗakuna ba.

Matsayin titi ma yana sauya komai. Gidan da ke sama da titi yana da sauƙin fitar da ruwa, wahalarsa hanyar mota. Gangarar 1 cikin 10 tana da daɗin hawa. Abin da ya wuce 1 cikin 6 zai sa mota ta riƙa gogar ƙasa a bakin ƙofa. Sau da yawa ya fi araha a ajiye gareji can ƙasa kusa da titi, mutane su hau da ƙafa. Gidan da ke ƙasa da titi kuwa ruwa ne abokin gabarsa, don haka a ɗan ɗaga bakin ƙofar shiga, a kuma gitta kwata mai murfin ƙarfe a gaban gareji.

Harsashi da ciko

Harsashi ya zauna a kan ƙasar asali, komai zurfin cikon da ke kanta. Gidan da rabinsa ke kan ƙasar da aka yanka, rabi kan ciko, zai tsage daidai mahaɗar, domin cikon zai ci gaba da nutsewa shekaru bayan an tare. Ana tona ramin hawa-hawa, gindin kowane hawa a miƙe sarai. Tsayin hawan ya dace da layin bulo, ɗaya ko biyu, don kada birkila ya riƙa fasa bulo yana cike gurbi da siminti. Kankaren sama ya hau kan na ƙasa da aƙalla ninki biyu na tsayin hawan, kuma kada ya gaza santimita 30.

Cikon ƙarƙashin daɓe kuma a kwashe ƙasar sama mai saiwoyi tukuna, a zuba shi kaɗan-kaɗan, kaurin santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a danne da inji kafin a ƙara wani. Tifa ta juye tsibi a baje da shebur, wannan ba ciko ba ne.

Ruwa da katangar tare ƙasa

Yawancin katangun da ke faɗuwa ruwa ne ke ture su. Ƙarfin turin yana ƙaruwa fiye da yadda ake zato: ninka tsayin katanga sau biyu, turin ya ninku sau huɗu. Shi ya sa katanga biyu masu mita 1, da tazara tsakaninsu wadda ta kai aƙalla ninki biyu na tsayinsu, suka fi guda ɗaya mai mita 2 kwanciyar hankali, ga shi kuma an samu wurin shuka ko na wasan yara. Duk wadda ta haura mita 1.2, ko wadda gini ko mota za su zauna a kanta, injiniya ne zai tsara rodinta. Bulo zalla da aka jera kamar katangar zagaye gida ba zai riƙe ƙasa ba.

A bayan katangar a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 30 daga gindi zuwa kusa da sama, a kwantar da bututu mai huji-huji a gindin ya fitar da ruwa gefe, a kuma bar ƙananan ramuka a jikin katangar duk mita 1.5. Masu shafe sukan toshe ramukan nan don katanga ta yi kyau, sai a sa musu ido. Idan katangar ita ce bangon ɗaki, ramukan ba za su yiwu ba. A shafe bayanta da kwalta ko makamancinta kafin a mayar da ƙasa, domin bayan an binne ba a gyara daga ciki.

Can saman filin a tona kwata mai gitta gangarar, ta tare ruwan tudu ta zagaye da shi gefen gida. Ƙasar da ke kewaye da bango, har ta ɓangaren tudu, ta sauka santimita 15 a cikin mita 3 na farko, daɓen ciki kuma ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15. Inda kwatar ta ƙare a jera duwatsu su karya gudun ruwan, kuma kada a sakar wa maƙwabcin ƙasa shi a gindin katangarsa.

Bututun banɗaki mai faɗin santimita 10 yana son saukar kimanin santimita 2.5 a kowace mita. Inda ƙasa ta fi haka tsauri, a gina ƙananan akwatunan dubawa a riƙa sauke shi mataki-mataki. Sokawe ya zauna ƙasa da gidan, aƙalla mita 5 daga harsashi, nesa da bayan kowace katangar tare ƙasa. Rijiya kuma ta kasance sama da shi, da tazarar da ba ta gaza mita 15 ba, mita 30 in ƙasar mai yashi ce ko mai tsagaggen dutse. Kafin ka tsayar da wurin sokawen, leƙa ka ga inda rijiyar maƙwabcinka na ƙasa take, sannan ka kai zanen ofishin da ke ba da izinin gini a yankinku, tunda tazarar da doka ta gindaya ta bambanta daga wuri zuwa wuri.